Dajin Aarey: Inda taurarin Indiya suka raba gari

DUK wanda ya taso da kallon finafinan Indiya ya san irin wannan fitowar. Jaruma ta ruga cikin itatuwa, jarumi ya biyo ta, ta laɓe a bayan wata bishiya tana leƙe, sai kiɗa ya tashi. Ko kuma inda yaran bos suka sace ƙanwar jarumi suka kai ta wani kango a tsakiyar daji, shi kuma ya iso a kan babur rai a ɓace. Da yawan 'yan kallo sun ɗauka sai an yi tafiyar kwana da kwanaki kafin a kai irin waɗannan wurare. Wasu kam haka ne, don akwai waƙoƙin da ake zuwa Kashmir ko Siwizalan a ɗauko su. To amma fa da yawa daga cikin dazuzzukan nan da ake gani a fim suna cikin birnin Mumbai ne, a unguwar Goregaon, inda daga bakin titi mai cunkoso zuwa cikin kurmi bai fi tafiyar 'yan mintoci ba.

Sunan wurin Aarey. A kansa ne aka yi rigimar da ta kai matasa gidan yari, ta tayar da alƙalan Kotun Ƙoli daga hutu, ta kuma sa masu zanga-zanga suka yi cincirindo a ƙofar gidan Amitabh Bachchan, mutumin da aka saba taruwa a ƙofarsa don a ɗaga masa hannu kawai.

Asalin wurin gidan madara ne. A 1949 hukuma ta keɓe fili mai faɗin fiye da eka 3,000 a bayan gari domin a kwashe garken ɓaunar da ake tatsa daga cikin lungunan Bombay a mai da su can, a riƙa samar wa birnin madara mai tsafta. Firayim Minista Jawaharlal Nehru ne ya buɗe shi a 1951. Da yake filin ya jingina da babban gandun dajin nan na Sanjay Gandhi, kuma ba a yarda kowa ya yi gini barkatai a ciki ba, sai ya zauna kore shar yayin da gari ya yi ta girma har ya kewaye shi. An ƙiyasta bishiyoyin da ke ciki sun kusa rabin miliyan. Akwai waɗanda aka dasa, akwai kuma 'yan asalin wurin, irin su dangin giginya da dangin gurjiya, ga tsuntsaye da macizai da malam-buɗe-littafi iri-iri. Ga kuma damisa. E, damisa ta gaske, a cikin birnin da ke da mutum wajen miliyan 20.

Tun kafin madara, tun kafin fim, akwai mutane a wurin. Ƙauyuka 27 ne na ƙabilun asali, waɗanda Indiyawa ke kira Adibasi, kuma fitattu a cikinsu su ne Warli, masu zanen nan na farin ƙullin shinkafa a jikin bangon laka. Suna noman shinkafa da ganyaye da damina, suna tsinko 'ya'yan itace su kai bakin titi su sayar. A al'adarsu damisa ba abokiyar gaba ba ce, suna da wani abin bauta mai siffarta da suke kira Waghoba. Hoton da wani mai ɗaukar hoto, Nayan Khanolkar, ya ɗauka na damisa tana ratsa lungun ɗaya daga cikin ƙauyukan da dare ya ci kyauta a ɗaya daga cikin rukunonin babbar gasar hotunan namun daji ta duniya a 2016.

'YAN FIM MA SUN CI NASU KASON

A nan akwai wata magana da ba kasafai masoya ke son ji ba. Ita kanta masana'antar fim tana cikin waɗanda suka fara yankar dajin. A 1977 gwamnatin Jihar Maharashtra ta kafa Film City a kan eka 520 a wannan yanki, wurin da a 2001 aka sauya wa suna zuwa Dadasaheb Phalke Chitranagari don tunawa da mutumin da ya shirya Raja Harishchandra a 1913. A ciki akwai wurin ibada na fim, da kotu ta fim, da gidan yari na fim, da tafki, da tsaunuka. A nan aka gina manyan gidajen da aka gani a Devdas na Shah Rukh Khan da Aishwarya Rai da Madhuri Dixit a 2002. A nan kuma Amitabh ke zama a kujerar Kaun Banega Crorepati yana yi wa mutane tambayoyi. Can gefe, cikin Aarey ɗin kanta, akwai wani lambu mai tafki da ake kira Chhota Kashmir, wato Ƙaramar Kashmir. Furodusan da aljihunsa bai kai shi Kashmir ta gaskiya ba, nan yake kawo jarumansa su yi rawarsu a tashi.

Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ji damisa ta leƙo lokeshin. Ya sha faruwa, har a 2023 an yi ta yaɗa bidiyon wata da ta shigo inda ake ɗaukar wani shirin talabijin, ma'aikata suka watse kowa ya yi ta kansa. Jaridu kan rubuta cewa damisa ta kutsa Film City. Mutanen ƙauyukan kuwa cewa suke yi Film City ce ta kutsa gidan damisa.

Bayan 'yan fim, wasu ma sun samu. An yanka wa 'yan sanda sansani, an ratsa da tituna, an yi otal da rukunin gidaje a gefe, har an ware wani fili don gidan zu. Kowa ya zo sai ya ce ai ɗan kaɗan zai ɗiba. Da haka da haka dajin ya yi ta motsewa.

SAI GA JIRGI

Wanda bai san Mumbai ba ba zai gane dalilin da ya sa maganar jirgi ke da zafi a can ba. Jiragen ƙasa na cikin gari suna ɗaukar mutum wajen miliyan 7 a kullum, mutane na lilo a ƙofa kamar yadda ake gani a fim, kuma fiye da mutum 2,000 ke mutuwa duk shekara a kan layukan, wasu sun faɗo, wasu jirgi ya take su wajen tsallakawa. Don haka da aka ce za a haƙa sabon layin Metro na 3 a ƙarƙashin ƙasa, mai tsawon kilomita 33.5 daga Colaba zuwa SEEPZ, da bashin ƙasar Japan, babu wanda ya ce kada a yi. Inda gizo ke saƙar shi ne, jirage na buƙatar gareji, inda za su kwana, a wanke su, a gyara su. Kamfanin da ke aikin ya ce ya zaɓi kimanin eka 80 a cikin Aarey, wato fili kamar na ƙwallo 40.

Tun a 2014 mazauna unguwannin kusa suka fara ganin takardu manne a jikin bishiyoyi. Daga nan aka faro gwagwarmayar da aka sani da Save Aarey, wato a ceci Aarey. Ba wasu manya ba ne suka fara ta. Masu zuwa motsa jiki da safe ne, da matan aure, da ɗalibai, da malaman makaranta, da su kansu mutanen ƙauyukan, cikinsu har da wani mai suna Prakash Bhoir wanda ya zama muryarsu. A ɓangaren kotu kuma akwai ƙungiyar Vanashakti ƙarƙashin Stalin Dayanand, da wani ɗan kasuwa mai naci, Zoru Bhathena, wanda ya mai da zirga-zirgar kotu a kan bishiyoyi tamkar sana'a.

Hujjarsu ba ta tsaya ga inuwa da tsuntsaye ba. Filin da aka zaɓa yana bakin kogin Mithi ne, kuma fadama ce da ke shanye ruwa idan kogin ya cika. Mutumin Mumbai kuwa idan ya ji an ambaci Mithi sai gabansa ya faɗi, don bai manta ranar 26 ga Yuli, 2005 ba, ranar da aka zuba ruwan sama milimita 944 cikin awa 24, kogin ya yi ambaliya, gari ya nutse, mutum fiye da 1,000 suka rasu a faɗin jihar. Wanda ya kalli Tum Mile na Emraan Hashmi da Soha Ali Khan, wanda ya fito a 2009, to a kan wannan ambaliyar aka gina shi. Masu fafutikar suka ce idan aka shafe fadamar da kankare, ruwan ina zai je? Suka kuma nuna wani fili a Kanjurmarg suka ce a kai garejin can.

Gwamnati ta ce sam. A wurinta Aarey ba daji ba ne a doka, filin ma'aikatar madara ne. Ta ce abin da za a ɗiba ɗan ƙanƙani ne, za a dasa wasu bishiyoyin a madadinsu, kuma motocin da jirgin zai rage a kan titi sun fi bishiyoyin amfani ga iskar gari. Ta ƙara da cewa filin Kanjurmarg yana da rigima a kotu, jira zai ƙara wa aikin tsada. Maganar gaskiya, kowane ɓangare yana da abin faɗa. Shekara biyar aka yi ana wannan ja-in-ja.

TAURARI SUN SHIGO FAGE

Ranar 29 ga Agusta, 2019 hukumar kula da bishiyoyi ta birnin ta amince a kawar da bishiya fiye da 2,600, a sare mafi yawansu, a cire sauran a sake dasawa. Nan take gari ya ɗauka. Ranar Lahadin da ta biyo baya mutane suka fito cikin ruwan sama suka riƙe hannun juna suka yi dogon layi a Aarey. A cikinsu sai ga Shraddha Kapoor, jarumar Aashiqui 2, 'yar tsohon bos ɗin nan Shakti Kapoor, riƙe da kwali. Ai kuwa 'yan jarida suka yi caa. Abin da aka shekara biyar ana faɗa ba a ji ba, ran nan ya hau shafin farko.

Wasu suka biyo baya. Dia Mirza, wadda dama tun 2017 jakadiyar Majalisar Ɗinkin Duniya ce kan muhalli a Indiya, ta tsaya kai da fata. Raveena Tandon ta yi magana, John Abraham ya ce bai ga hikimar sare dajin ba. Har marigayiya Lata Mangeshkar, wadda muryarta ce ke tashi a yawancin waƙoƙin da aka yi rawarsu a irin waɗannan itatuwa, ta roƙi gwamnati ta sake tunani. Matasan mawaƙan gambarar zamani na ƙungiyar Swadesi kuma suka haɗa kai da Prakash Bhoir suka fitar da waƙa mai suna The Warli Revolt a shekarar.

To sai babban yaya ya yi magana. A tsakiyar Satumba Amitabh Bachchan ya yi rubutu a Twitter yana yabon Metro. Ya ba da labarin wani abokinsa da larurar asibiti ta kama, ya bar motarsa ya hau jirgin, ya dawo yana santin sauri da sauƙinsa. Sannan ya ce maganin gurɓatar iska shi ne a dasa bishiyoyi, shi ya dasa a lambunsa, saura kai. Bai ambaci Aarey ba ko sau ɗaya, amma a irin wannan lokaci kowa ya san inda maganar ta dosa, balle da shugabar kamfanin jirgin, Ashwini Bhide, ta fito ta yi masa godiya. Washegari matasa suka tsaya da kwalaye a ƙofar gidansa, Jalsa, da ke Juhu, suna tuna masa cewa lambu daban, daji daban. A makon ne kuma Akshay Kumar ya saki bidiyonsa a cikin Metro yana nuna yadda ya tsere wa cunkoso bayan ya tashi daga shutin. Shi ma ya sha suka.

Masoya suka rabu biyu, aka yi ta musayar zafafan kalamai, kamar dai yadda ake yi idan an ce wane jarumi ya fi wane. Wasu suka ce masu kare dajin 'yan hutu ne da ke yawo a motoci masu sanyi, ba su san wahalar jirgin talaka ba. Wasu suka mayar da cewa wanda ke da lambu a Juhu ba shi ruwa zai ci ba idan Mithi ta cika.

DAREN JUMA'A

Ranar Juma'a, 4 ga Oktoba, 2019 Babbar Kotun Bombay ta kori ƙararrakin masu fafutikar. Ta ce batun ko Aarey daji ne ko ba daji ba yana gaban Kotun Ƙoli da kotun muhalli, can za su je. Masu ƙara suka koma gida da niyyar ɗaukaka ƙara, suna ganin doka ta ba su kwana 15 kafin a taɓa ko reshe. Ashe ba haka hukuma ta karanta dokar ba.

Da dare ya yi sai mutanen ƙauyukan suka fara jin kukan injin yankan itace. Kafin wani lokaci bidiyo ya zagaye wayoyi, ga bishiyoyi na faɗuwa cikin hasken fitila. Mutane suka baro gidajensu, wasu a babur, wasu a a-daidaita-sahu, suka nufi Aarey da tsakar dare. 'Yan sanda suka tare hanyoyi, aka kafa dokar hana taro ta sashe na 144, aka kwashi mutane da dama zuwa caji ofis. A ƙarshe aka tsare mutum 29, yawancinsu matasa da ɗalibai, har da matar Prakash Bhoir. Sai ranar Lahadi aka ba da belinsu.

Abin lura, babu tauraro ko ɗaya a cikin mutum 29 ɗin nan. Taurari sun yi rubutu, irin su Farhan Akhtar da ya soki yin aikin cikin dare, kuma rubutun ya yi amfani wajen kai maganar duniya. Amma waɗanda suka kwana a bayan kanta mutane ne da ba wanda ya taɓa neman ɗaukar hoto da su.

Lokacin kotuna na hutun bikin Dussehra. Wani ɗalibin koyon aikin lauya, Rishav Ranjan, ya rubuta wa Alƙalin Alƙalan Indiya wasiƙa, sai Kotun Ƙoli ta karɓi wasiƙar a matsayin ƙara, ta kafa zama na musamman ranar Litinin, 7 ga Oktoba. Alƙalai suka ce a dakata, kada a ƙara sare ko ɗaya. Sai lauyan gwamnati ya shaida wa kotu cewa ai abin da ake buƙatar sarewa an riga an sare. Kamfanin ya ba da lissafi da kansa: bishiya 2,141. A fim, jarumi kan iso daidai lokacin da aka ɗaga gatari. A nan umarnin ya iso bayan kwana uku.

YASHIN DA AKE GINA BIRNIN DA SHI

Gini ba fili kaɗai yake ci ba, yana cin yashi. Kowane bene, kowace gada, kowane ramin jirgi, siminti ne da tsakuwa da yashi, kuma Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce duniya na cinye tan biliyan 50 na yashi da tsakuwa duk shekara. Shekaru da dama yashin Mumbai daga mashigan teku da kogunan da ke kewaye da ita ake ɗebo shi, irin su Thane da Vasai da gaɓar Raigad. A bakin waɗannan ruwaye kuwa akwai wani dajin na asali, na itatuwan mangurof, masu tsayawa da saiwoyinsu cikin ruwan gishiri. Su ke tare igiyar ruwa, a cikinsu kifi da ƙaguwa ke hayayyafa, da su masuntan ƙabilar Koli suka dogara. Idan injin zuƙo yashi ya rarake gindin ruwa, sai gaɓa ta zabtare, itatuwan su kife. Ga kuma talakawan da ake biya su yi nutso da bokiti zuwa ƙasan ruwa ba tare da kayan numfashi ba, wasunsu ba sa fitowa.

A wannan fagen sunan da ya fi fita shi ne na wata mata, Sumaira Abdulali. A 2004, a gaɓar Kihim kusa da Alibag, yankin da taurari irin su Shah Rukh Khan ke da gidajen hutu, ta fita da dare ta tare hanyar motocin da ke satar yashi da motarta. Aka yi mata dukan tsiya, aka farfasa motar. Maimakon ta ja da baya, sai ta kafa gidauniyar Awaaz a 2006 ta kuma garzaya kotu. A 2010 ma da ƙyar ta sha, lokacin da wasu suka bi motarta a guje suka buge ta bayan ta je ɗaukar hoton masu haƙa a yankin Mahad tare da 'yan jarida. A shekarar ce Babbar Kotun Bombay ta dakatar da haƙar yashi a jihar har sai gwamnati ta fito da tsari, sannan a 2012 Kotun Ƙoli ta ce ko ƙaramin wurin haƙa ne sai an samu izinin muhalli. Ita Sumaira ta fito a fim ɗin gaskiya na Sand Wars da Denis Delestrac ya shirya a 2013. Su ma itatuwan mangurof ƙarar wata ƙungiyar sa-kai ce ta sa kotu ta hana sare su a 2005, ta kuma tabbatar da hanin a 2018. Satar yashi ba ta ƙare ba, amma yanzu mai yi ya san laifi yake yi.

Abin dariya, labari irin na matar nan, mai duka da tseren mota da 'yan daba, ya ishi fim guda har da na biyu. Amma fim ɗin daji da ya fi tashe a 'yan shekarun nan, har a wurin masu kallon fassarar Hausa, shi ne Pushpa na Allu Arjun, wanda ya fito a 2021, inda jarumin shi ne ɓarawon itacen. Sherni na Vidya Balan, da ya fito a shekarar, wanda ya nuna wahalar jami'ar gandun daji, mutum nawa suka kalla?

SIYASA TA BA DA, SIYASA TA KARƁE

A koma Aarey. Makonni biyu bayan daren saran aka yi zaɓen jiha. Jam'iyyar Shiv Sena, wadda matashin jagoranta Aaditya Thackeray ya goyi bayan masu kare dajin tun tana cikin gwamnati, ta ɓata da BJP ta haɗa kai da wasu. Mahaifinsa, Uddhav Thackeray, ya zama Babban Minista ranar 28 ga Nuwamba, 2019, kuma washegari ya dakatar da aikin garejin. Daga baya ya ce a janye tuhumar da ake yi wa waɗanda aka kama. A Oktoba 2020 ya sanar da cewa an mai da garejin Kanjurmarg, sannan an ayyana kimanin eka 800 na Aarey a matsayin gandun daji na doka. Aka yi ta murna, aka yi rawa a ƙauyukan.

Murnar ba ta daɗe ba. Gwamnatin tarayya ta ce filin Kanjurmarg nata ne, a Disamba 2020 kotu ta tsayar da miƙa shi. Aiki ya tsaya cak, kuɗi na ta hawa. Ranar 30 ga Yuni, 2022 gwamnatin Thackeray ta riga ta faɗi, Eknath Shinde ya hau, Devendra Fadnavis, wanda a zamaninsa aka yi saran 2019, ya dawo a matsayin mataimaki. A zamansu na farko suka ce gareji ya koma Aarey. Mutane suka sake fitowa duk Lahadi da kwalayensu, sai dai a wannan karon kyamarori sun ragu, taurarin ma 'yan kaɗan ne suka sake ɗaga murya.

Su Stalin da Zoru dai ba su bar kotu ba. A Afrilu 2023 Kotun Ƙoli ta ci kamfanin tarar rupi miliyan 1 saboda ya nemi sare bishiyoyi fiye da 84 da ta ba shi damar nema, amma duk da haka ta bar shi ya sare 177 don kada aikin ya tsaya. Ranar 5 ga Oktoba, 2024, shekara biyar cif bayan wancan dare, Firayim Minista Narendra Modi ya buɗe kashin farko na layin, daga Aarey zuwa Bandra Kurla. A Oktoba 2025 aka buɗe kashin ƙarshe. Garejin na nan a inda bishiyoyin suke a da, kuma mutanen Mumbai na hawa jirginsu.

To me masu fafutikar suka samu? Eka 80 sun tafi. Amma eka 812 da aka miƙa wa ma'aikatar gandun daji a Yuni 2021 suna nan, gwamnatin da ta biyo baya ba ta soke ba, kuma wannan ya ninka filin garejin sau goma. Dajin da hukuma ta shekara da shekaru tana cewa ba daji ba ne, yanzu wani babban yanki nasa daji ne a rubuce. Su kuma mutanen ƙauyuka 27 sun shiga wani sabon zullumin, don gandun daji na doka yana zuwa da masu gadi da ƙa'idoji, shi ya sa suke ta neman a tabbatar masu da haƙƙin gonakinsu a ƙarƙashin dokar haƙƙin mazauna daji ta 2006.

A Janairu 2025 Kotun Ƙoli ta ce kada a ƙara sare bishiya a Aarey sai da izininta. Ba a jima ba hukumar birnin ta zo neman izinin, saboda wata sabuwar hanyar mota da za ta haɗa Goregaon da Mulund ta cikin ramuka biyu a ƙarƙashin gandun Sanjay Gandhi. A Agusta 2025 kotun ta amince a fara da sare bishiya 95 a inda za a saukar da injin haƙa ramin. Wurin kuwa a cikin harabar Film City yake.